Na karya farashi na ci kwangila, yanzu kuɗin ba za su kai ba: in rage rodi ko in faɗi gaskiya?

Tambaya: Wani matashi da ya daɗe yana kula da wuraren gini a ƙarƙashin wasu ya rubuto cewa ya buɗe nasa kamfanin, har ya samu kwangilarsa ta farko, bene mai hawa uku na shaguna da ofisoshi. Don ya doke abokan takara sai ya karya farashi. Yanzu an gama harsashi, ya zauna ya duba lissafi, ya ga kuɗin ba za su kai shi rufi ba. Waɗanda suka riga shi shiga harkar sun ce masa kowa haka yake yi: ya rage kaurin rodi, ya ja buhun siminti ya yi nisa, mai duba aikin kuma a ba shi na goro ya sa hannu. Yana tambaya ko mai gaskiya yana iya rayuwa a harkar kwangila, kuma mene ne mafita a gare shi.

Amsa:

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Na ji daɗi ƙwarai da ka tsaya ka yi tambaya tun ba a zuba kankaren dakin na farko ba, wato rufin kankaren da ke raba hawa da hawa, domin har yanzu komai yana hannunka. Kada ka taɓa rodi, kada ka taɓa siminti, kada kuma ka miƙa wa mai duba aiki ko sisi. Mai gaskiya yana rayuwa a wannan sana'a, har ya tsufa a cikinta da mutuncinsa. Sai dai kyakkyawar niyya kaɗai ba ta riƙe shi. Abin da ke riƙe shi shi ne iya lissafi, da iya riƙon kuɗin mutane, da ƙarfin halin faɗin magana mai ɗaci a kan lokaci.

Bari mu fara da shawarar da aka ba ka, don ka san ainihin abin da ake nufi da "rage kaɗan". Idan injiniya ya rubuta rodi mai milimita 16 ka sa mai milimita 12, a ido bambancin bai taka kara ya karya ba, milimita huɗu ne kawai. Amma ƙarfin rodi yana bin faɗin fuskar ƙarfen ne idan an yanka shi. Na 16 yana da fuska wajen murabba'in milimita 201, na 12 kuwa wajen 113. Ka ga ka zare fiye da kashi 40 cikin ɗari na ƙarfen da ke riƙe da wannan bim ɗin, wato kwantaccen ginshiƙin kankaren da ke ɗauke da nauyin bene, alhali nauyin da za a ɗora masa bai ragu da kilo ɗaya ba. Haka abin yake ga siminti. Idan ka rage shi, kwaɓin zai yi gautsi, leburori su ce ba ya tafiya, sai a ƙara ruwa don ya yi laushi. Ruwan da ya wuce ƙa'ida kuwa yakan ƙafe ya bar ƙananan ramuka a cikin kankare, ƙarfinsa ya faɗi, danshi ya samu hanyar shiga ya kai ga rodi. Rodi idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya tsaga kankaren daga ciki. Wannan ba ya bayyana ranar miƙa mabuɗi. Yakan jira shekaru, sai shaguna sun cika da kaya, ofisoshi sun cika da mutane.

A nan ne sana'armu ta bambanta da yawancin sana'o'i. Mai sayen mota yana iya buɗe ta ya duba inji, ya hau ya zaga. Mai gini kuwa ba shi da wannan damar. Daga ranar da aka zuba kankare a kan rodi, aka yi fulasta aka shafa fenti, babu wanda ya san abin da ke ciki sai kai da foman ɗinka da Allah. Mutumin ya biya ka ne don abin da ba zai taɓa gani ba. Waɗanda za su yi haya a wurin kuwa, da yarinyar da za a aika sayayya a hawa na biyu, ba su ma san sunanka ba, kuma ba su sa hannu a wata yarjejeniya da kai ba, amma rayukansu suna rataye a kan abin da ka ɗaure da waya a safiyar da babu mai kallonka. Shi ya sa nake cewa amana ita ce ainihin hajar ɗan kwangila.

Ka ji abin da ya faru a birnin Seoul na Koriya ta Kudu. Katafaren kantin Sampoong an tsara shi ne da hawa huɗu. Mai shi, Lee Joon, ya sauya tsarin ana cikin aiki, ya sa a cire wasu ginshiƙai don a samu wurin matakala mai tafiya da kanta. Kamfanin ginin da aka fara bai wa aikin ya ce ba zai yi ba, sai aka sallame shi, mai ginin ya ci gaba da nasa kamfanin. Daga baya aka ƙara hawa na biyar. Ginshiƙan da ya kamata su kai santimita 80 aka yi su 60, rodin da ya kamata ya zama 16 a ciki aka sa 8. Ranar 29 ga Yunin 1995 ginin ya rufta, mutum 502 suka mutu. Tun da safiyar ranar an ga tsagar tana buɗewa, amma ba a fitar da masu sayayya ba saboda kada a rasa cinikin yini. An ɗaure mai ginin, an kuma ɗaure jami'an da suka karɓi cin hanci suka sa hannu. Abin da nake so ka riƙe daga labarin shi ne kamfanin farko. A ranar da aka kore shi, duk mai kallo zai ce ya yi asara, ya bar babban aiki saboda taurin kai. Amma ƙin da ya yi shi ne daidai.

Yanzu mu dawo kan inda matsalarka ta samo asali. Ha'incin da ake yi a wurin gini galibi a kan tebur ake haifarsa, ranar da ake cika takardar ƙiyasi. Mutum ya sa farashin da ya san ba zai gina ginin ba, yana cewa in an shiga a san yadda za a yi. To "yadda za a yi" ɗin nan hanya uku ce kawai: ko a ci daga jikin ginin, ko a ci daga gumin ma'aikata da masu kawo kaya, ko a tsayar da aiki a tsakiya a matsa wa mai gini ya ƙara kuɗi don ya san ba shi da yadda zai yi. Duk ukun zalunci ne, kuma duk ukun an ƙulla su tun kafin a haƙa rami. Tun ran gini tun ran zane. Ƙiyasi na gaskiya yana ɗauke da kuɗin kaya da na ƙwadago, da abin da zai lalace ko ya zube, da hayar injuna, da albashin mai gadi da mai kula da sito, da inshora, da haraji, da wani kaso na ko-ta-kwana, sannan ribarka a fili ba tare da jin kunya ba. Riba halal ce. Ɗan kwangilar da ya ji nauyin rubuta ribarsa a takarda, shi ne zai je ya nemo ta a cikin ginshiƙi.

Abin da za ka yi yanzu, kafin ka sake sayen ko buhu ɗaya, ka zauna da mai ƙididdigar gini wanda ya san aikinsa, ku bi sauran aikin layi-layi da farashin yau, ku fitar da ainihin gibin. Kada ka yi wa kanka sassauci a wannan lissafin. Daga nan ka raba gibin gida biyu. Akwai wanda ya fito daga abin da ba laifinka ba, kamar sauyin da mai gini ya kawo bayan an sa hannu, ko ƙasa da aka haƙa aka tarar ba yadda rahoto ya nuna ba, ko tashin farashin kaya in har yarjejeniyarku ta tanadi hakan. Wannan haƙƙinka ne, ka nema a rubuce, kuma da wuri, domin yawancin yarjejeniyoyi suna da wa'adin sanarwa. A tsarin yarjejeniyar gini da ake kira FIDIC, wanda ake amfani da shi a manyan ayyuka a ƙasashe da yawa, kwana 28 ne daga lokacin da ka san da matsalar, in ka wuce kana iya rasa haƙƙin baki ɗaya. Sannan akwai gibin da ya fito daga karya farashin da ka yi da hannunka. Wannan naka ne, kuma kada ka lulluɓe shi da sunan wancan.

Sai ka nemi zama da mai ginin tare da injiniyansa da mai zanen ginin, ka ajiye musu takardun a gaba. Ka ce masa: "Ranka ya daɗe, farashin da na ba ka bai kai ba, ga lissafin, ga inda na gaza. Ba zan rage ƙarfin gininka ba, shi ya sa na zo tun yanzu." Zai yi fushi, kuma yana da gaskiya. Amma mai hankali ya san cewa ɗan kwangilar da ya zo da wannan magana a matakin harsashi ya fi masa alheri a kan wanda zai gudu ya bar masa kango a hawa na biyu. Daga nan akwai ƙofofi. Ana iya sauƙaƙa kayan ƙawa, irin su tayil da ƙofofi da fenti da fitilu, a bar ƙashin ginin yadda yake. Ana iya raba aikin zango-zango, a kammala ƙasa a fara haya, kuɗin su taimaka wa sama. Ana iya raba gibin tsakaninku. Ana iya kuma rabuwa cikin mutunci, a auna abin da ka yi a biya ka, wani ya ɗora. In duk waɗannan sun ƙi, ya rage ka ɗauki asarar ka gama aikin yadda aka zana shi. Na san wannan magana tana da nauyi ga wanda ya fara jiya, amma asarar kuɗi ana farfaɗowa daga ita.

Ko wane sauyi kuka amince da shi, a rubuta, injiniya ya yi lissafinsa ya sa hannu kafin a aiwatar. Kada ka yarda da "ai mun yi magana a waya". A otal ɗin Hyatt Regency na birnin Kansas a Amurka, an zana wasu gadojin tafiya guda biyu da za su rataya a kan dogayen sandunan ƙarfe masu zarcewa daga rufi. Masu haɗa ƙarfen suka ga zai fi sauƙi a raba kowace sanda biyu, aka amince ba tare da an sake lissafi yadda ya kamata ba. Wannan ɗan sauyin ya ninka nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama. Ranar 17 ga Yulin 1981 gadojin suka faɗo kan jama'a, mutum 114 suka rasu. Babu wanda ya yi niyyar sata a wurin. Kowa ya ɗauka wani ya duba ne.

Akwai kuma batun kuɗin kafin alƙalami, wanda ya kashe kamfanoni masu tasowa fiye da yadda ake zato. Kuɗin nan na aikin ne, an damƙa maka su don ka sayi kaya ka tara ma'aikata. Da zarar ka ɗiba ka sauya mota, ko ka toshe ramin wani aikin da su, ka shiga zagayen da fita daga cikinsa ke da wuya: kullum kana jiran sabon aiki don ka gama tsohon. Ka buɗe wa kowane aiki asusunsa, ka yanka wa kanka albashi, ribar kuma ka bari sai aiki ya kai inda za a kira ta riba.

Idan kana so ka san halin ɗan kwangila, ka tambayi waɗanda ke ƙasa da shi. Birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi da mai kawo yashi sun san shi fiye da mai gini. Hadisi ya ce a biya ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma ko ta fuskar ingancin aiki maganar haka take. Mai ɗaurin rodin da ake bin sa da "sai mako mai zuwa" ba zai tsaya ya gyara tazarar zobba a ginshiƙi ba, kuma ba zai kira ka ya nuna maka kuskure ba. Ƙaramin ɗan kwangilar da ka riƙe wa kuɗi wata uku, a jikin aikinka zai fanshe. Girman kamfani ma ba ya kare shi daga wannan. Kamfanin Carillion ya kasance cikin manyan kamfanonin gini na Birtaniya, yana karɓar ayyuka da riba siririya, yana sa masu kawo masa kaya jiran biya har kwana 120. Da ya durƙushe a Janairun 2018, kuɗin da suka rage a hannunsa fam miliyan 29 ne kacal, ga bashi na biliyoyi, ga wajen ƙananan kamfanoni 30,000 da ke bin sa, ga manyan asibitoci biyu da ya bari ba a gama ba. In an biya ka, ka biya na ƙasa da kai a makon. In ba a biya ka ba, ka tara su ka faɗa musu gaskiyar ranar da kake sa rai, kada ka kashe waya.

Game da mai duba aiki, ka sauya yadda kake kallonsa. Shi ne ido na biyu da zai kama abin da ya kuɓuce maka kafin kankare ya rufe shi. Ranar da ka saye shi, ka makantar da kanka, ka kuma ba shi igiyar da zai ja ka da ita har ƙarshen aikin, domin wanda ya karɓa sau ɗaya zai dawo. Kuɗin da ka ba shi kuma daga jikin ginin za su fito, babu wani aljihun. Kamfanin Odebrecht na Brazil ya kai matsayin da ya ware sashe guda na musamman don biyan cin hanci. A Disamban 2016 ya amsa laifi a gaban kotun Amurka cewa ya biya wajen dala miliyan 788 a ƙasashe 12, shugabansa ya tafi gidan yari, daga baya har sunan kamfanin sai da aka sauya. In wani jami'i ya matsa maka da neman wani abu kafin ya sa hannu, ka riƙa miƙa buƙatar dubawa a rubuce, da kwanan wata, ka aika wa mai gini kwafi. Takarda tana kashe irin wannan kwaɗayin fiye da gardama.

Gaskiya kuma tana buƙatar shaida, don wata rana za a tuhume ka ko da ba ka yi komai ba. Kafin kowace zuba, ka kira injiniya ya ga rodi a ɗaure, ya ƙirga, ya auna tazara, ya duba 'yan ƙananan tubalan da ke ɗaga rodi daga katako don kankare ya lulluɓe shi ta ko'ina. Ka ɗauki hoto da ma'auni a jiki. Ka ɗebi samfurin kankare a cikin 'yan akwatunan gwaji, a matse su a ɗakin gwaji a kwana 7 da kwana 28, ka adana sakamakon. A shayar da kankare ruwa aƙalla mako guda, kada a cire katakon da ke tallafe da dakin don ana gaggawar kai shi wani wuri. In an cire katako ka ga ginshiƙi ya yi ramuka kamar saƙar zuma, tsakuwa a waje rodi yana leƙe, kada ka bari birkila ya yi sauri ya shafe shi da fulasta kafin kowa ya iso. Ka kira injiniya ya gani, ya faɗi ko gyara za a yi ko fasawa. Ka riƙe littafin wurin aiki, kullum a rubuta wanda ya zo, da abin da aka zuba, da umarnin da aka bayar.

Mafi wuyar jarrabawa ita ce ranar da ka gano aibi a aikin da ka riga ka miƙa, an biya ka, kowa yana yabo. A 1978 injiniya William LeMessurier ya sake bin lissafin benen Citicorp mai hawa 59 a New York, bayan wata tambaya da ta fito daga wajen masu karatun injiniya. Ya gano cewa mahaɗan ƙarfen da aka tsara za a yi wa walda an ɗaure su ne da noti lokacin gini, kuma iska mai ƙarfi da ta bugi ginin ta kusurwa tana iya kayar da shi. Ginin yana tsaye, cike da mutane, babu wanda ya sani. Ya je da ƙafarsa ya faɗa wa masu ginin, yana sane da cewa hakan na iya cinye sunansa da dukiyarsa. Aka shafe watanni ana walda faranta na ƙarfe a kan mahaɗai sama da 200 cikin dare. Ni dai ina ganin an yi kuskure da aka ɓoye wa mazauna unguwar girman haɗarin, don sai a 1995 labarin ya fito fili. Amma tafiyar da mutumin nan ya yi zuwa ofishin masu ginin, ita ake koya wa ɗaliban injiniya har yau.

Ba zan ɓoye maka ba, wannan hanya tana da tsada. Za ka rasa ayyuka ga masu karya farashi. Za ka ga wanda kuka fara tare ya riga ka yin gida. Wani mai ginin da kansa zai ce ka rage rodi don ya rage kashe kuɗi, ka ƙi, ya kore ka. Abin da na gani a harkar shi ne, masu gina wuraren kasuwanci ba sa gini sau ɗaya, kuma suna magana da juna. Injiniyoyi da masu zane su ma ana tambayarsu wa za a kira. Da sannu za ka ga ana kiranka ba tare da ka shiga takara da mutum goma ba, masu kaya suna ba ka bashi da baki, ƙwararrun ma'aikata suna barin wani wuri su zo naka don sun san za a biya su. Wannan yana ɗaukar shekaru, shi ya sa nake ba ka shawarar ka riƙe kamfanin ƙarami tukuna, kada ka karɓi aiki biyu alhali ƙarfinka na ɗaya ne.

Ka kuma duba yarjejeniyarka a kan kuɗin da ake riƙewa, wanda yawanci kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne na kowane biya, da wa'adin gyaran aibi bayan miƙa gini, wanda galibi shekara guda ne. Ka sa su cikin sabon lissafin da za ku yi, domin kuɗi ne da ba za su shigo hannunka da wuri ba, kuma da yawa daga masu farawa suna mantawa da su har sai sun zo biyan ma'aikata. A cikin wannan shekarar, in rufi ya yi yoyo ko bututu ya fashe, ka je da ma'aikatanka a kiran farko. Amma wannan na gaba ne. A makon nan, ka dakatar da zubar dakin, ka samu mai ƙididdiga ku fitar da gibin, ka rubuta wa mai ginin takardar neman zama. Allah ya ba ka mafita, ya sa albarka a kamfanin.